Harshe da Samfur a Binciken Halayyar Ɗan Adam: Tsokaci a Kan Aikin LeVine (1966)

1.0 Gabatarwa

Littafin Robert A. LeVine mai suna Dreams and Deeds, wanda aka wallafa a Amurka a 1966, ya kwatanta Hausawa da Yarbawa da Ibo ta fuskar himmar neman ci gaba. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tsarin binciken, musamman harshen da aka yi amfani da shi, bai isa ya ɗauki nauyin hukuncin da aka yanke ba.

2.0 Tsarin Binciken

LeVine ya ɗora aikinsa a kan ra'in David McClelland (1961). Ya sa ɗalibai maza 342 na makarantun sakandare, 65 daga cikinsu Hausawa, su rubuta mafarkansu da kuma insha'i a kan yadda yaro zai zama mutum mai nasara. Sakamakon ya sa Ibo a gaba, Hausawa a baya, ya kuma nuna Hausawa sun fi ambaton biyayya.

3.0 Matsalar Harshe

Da Ingilishi ɗaliban suka yi rubutun. Kalmar da aka tambaye su a kanta kuwa ba ta da takwara guda a Hausa: akwai nasara, akwai arziki, akwai ɗaukaka, akwai rufin asiri, kuma kowace da inda take fuskanta. Kirk-Greene (1974) ya nuna cewa mutumin kirki ana auna shi ne da gaskiya da amana da haƙuri da kunya. Wanda aka rena a kan cewa yabon kai jahilci ne ba zai baje burinsa a gaban baƙo ba. Haka kuma tarbiyyar Musulunci ta taƙaita waɗanda ake faɗa wa mafarki. Saboda haka shirun ɗalibi ba hujja ba ce ta rashin himma.

4.0 Matsalar Samfur

'Yan sakandare a Arewa ta wancan lokaci tsiraru ne, ba su wakiltar manomi ko ɗan koli ko bafatake. Tarihin fataucin goro zuwa Gwanja ya isa shaida a kan himmar waɗanda aka bari a waje.

Tambayar wane ne Bahaushe ma tana nan. A Samarun Kataf da ke kudancin Jihar Kaduna, ɗalibi ɗan ƙabilar Atyap yakan yi Tyap a gida, Hausa a kasuwa, Ingilishi a aji. Kusa da shi akwai Zangon Kataf, tsohon masaukin fatake Hausawa. Mai binciken da ya raba takardun tambayoyi a nan ya kasa mutane bisa harshen da suka amsa da shi, zai haɗa al'ummu mabambanta a rukuni ɗaya.

5.0 Kammalawa

Aikin LeVine yana da daraja domin ya bayyana hanyoyinsa dalla-dalla, abin da ya ba da damar a yi masa suka. Darasinsa ga masana harshe shi ne, wajibi ne su shiga tun lokacin tsara bincike: a fassara tambayoyi, a sake mayar da su harshen asali kamar yadda Brislin (1970) ya ba da shawara, a kuma tantance harshen farko na kowane mai amsawa. In ba haka ba, ƙwarewa a Ingilishi za a auna, a kira ta hali.