Sharhi Kan Wasa Ƙwaƙwalwar Teburin Cin Abinci

Daga cikin wasa ƙwaƙwalwar Turawa akwai wani iri wanda ake zaunar da baƙi a tebur, a ba mutum sharuɗɗa, a ce ya gano mazaunin kowa. Wanda ya fi shahara shi ne na Edouard Lucas, masanin lissafi na Faransa, wanda ya buga a 1891. Ga yadda yake: maza da matansu za su kewaye tebur, namiji na bin mace, mace na bin namiji, amma kada miji ya zauna kusa da matarsa. Hanya nawa za a iya zaunar da su?

Kyawun wasan a fili yake. In ma'aurata uku ne, aka zaunar da matan, kujera uku ta rage. Kowace mace tana da kujera biyu a gefenta waɗanda aka hana mijinta, saboda haka tilas ya zauna a ta ukun, watau yana fuskantarta. Hanya ɗaya ke nan. Ma'aurata huɗu hanya 2, biyar 13, shida kuwa 80. Babu canke a nan, sai bin hujja daki-daki. Sai a 1934 Jacques Touchard ya fito da ƙa'idar da ta haɗe lissafin duka.

To, amma masu cewa wasan hankali ne zalla, ba ruwansa da al'ada, sun yi kuskure. Sharuɗɗan nan ladabin liyafar Turawa ne. Har masanan ma al'ada ta ja su, don sun saba fara zaunar da mata. A 1986 Kenneth Bogart da Peter Doyle suka nuna cewa in an bar wannan ɗabi'a, warwarewar ta fi sauƙi.

Aibinsa na biyu, mutanen cikinsa ba su da hali. Dubi namu na mai ƙetare kogi da kura da akuya da harawa. Ba sai an gaya wa yaro dalilin da ya sa ba a barin kura da akuya ba. Sharaɗin yana cikin halin dabbar, shi ya sa ba ya mantuwa.

Don haka fassara wannan wasa kai tsaye zuwa Hausa wahalar banza ce. Abin ɗauka shi ne dabarar, sharuɗɗa kuwa muna da su a gida. Suruki ba ya sa hannu a ƙwarya ɗaya da surukinsa, uwa tana kunyar ɗan fari, taubasai kuwa ba a raba su. Wanda ya shimfiɗa tabarma uku, ya raba mutum tara bisa waɗannan dokoki, ya samar wa 'yan makaranta lissafi da tarbiyya a lokaci guda.

Ƙalubale ga 'yan ƙungiya ke nan. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.