Godiya da Gicciye: Nazarin Wadansu Kalmomi na Littafi Mai Tsarki a Kunnen Mutumin Haɗeja

In ka gai da manomi a fadamar Haɗeja, ka ce masa ina gajiya, ina aiki, ba ya rasa ce maka sai godiya. Haka zai faɗa ran da shinkafa ta yi kyau, haka kuma zai faɗa ran da ruwa ya shafe ta. Wannan kalma ita ce masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa suka tarar a bakin mutane, suka ɗora mata kaya mai nauyi, watau godiyar da Kirista ya ke yi saboda mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye. Abin da mu ke so mu duba a nan shi ne ko kalmar ta ɗauki kayan. Ba muhawarar addini muka nufa ba. Sanannen abu ne Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan mutanen ƙasar Haɗeja, ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. Magana ce ta harshe kurum.

Aikin juyin ya daɗe. J. F. Schön ya fara buga sassan Linjila da Hausa tun cikin shekarun 1850, da taimakon Dorugu, yaron nan da ya bi Barth zuwa Ingila. Cikakken littafin bai fito ba sai 1932, kuma Likita Walter Miller na Zariya shi ne ya fi kowa wahala a kansa. Bayan wajen shekara hamsin aka sake wani juyi mai sauƙin karatu. Amma manyan kalmomin da za mu ambata ba su sāke ba, su ne kuma ake ji har yau a majami'un da ke sujada da Hausa.

To, a harshen Helenanci, wanda aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar kyautar Allah da kalmar godiya tushensu ɗaya ne: karis da yukaristiya. Mai karatu na can da ya ji ta biyun, ya ji ta farin a cikinta. Masu juyi suka sa alheri a maimakon ta fari, godiya a maimakon ta biyu. Ba su yi kuskure ba, amma igiyar da ta ɗaure kalmomin biyu ta tsinke. Har wa yau, abincin nan da Yesu ya ci da almajiransa a daren da aka bashe shi, inda ya ɗauki gurasa da ƙoƙo ya yi godiya alhali ya san gobe za a kashe shi, ikilisiyar farko Godiya ta sa masa suna. Da Hausa kuwa Jibin Ubangiji ake ce masa. Jibi abinci ne. Sunan ya faɗi abin da ake ci, bai faɗi abin da ake yi ba, ga shi kuwa a nan ne godiya da gicciye suka fi kusantar juna cikin littafin duka.

Alheri ma yana da nasa cikas, kuma shi ya fi girma. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Watau alheri abu ne mai komowa. Matar da aka kai wa gudummawa ran sunan ɗanta tana riƙe da lissafin a ka, in bikin ƙawarta ya zo za ta rama, har ta ƙara. Bara yana gode wa ubangidansa da hidima, maroƙi yana godiya da kirari don a daɗa masa. Wanda aka yi wa alheri ya kāsa ramawa, kunya ta kan hana shi haɗa ido da mai shi. Amma abin da Bulus ya dage a kai cikin wasiƙunsa shi ne, kyautar gicciye an ba da ita ga waɗanda ba su cancanta ba, ba kuwa za su iya biya ba ko kusa. In mai wa'azi bai yi hattara ba, sai masu sauraro su ɗauki baiko da zaka su mai da su ramuwar biki, su zaci sun rage bashi. A ganinmu wannan shi ne babban raunin juyin, ko da ya ke ba mu san wata kalma da za ta fi alheri dacewa ba.

Gicciye kuwa kalma ce mai sanyi ƙwarai. Danginta su ne gittawa da giciyewa, kamar yadda icce kan faɗi ya gicciye hanya. Siffar itacen ta bayyana, ba ta bayyana abin kunyar ba. Romawa ba su kan gicciye ɗan gari mai daraja ba, sai bayi da 'yan tawaye. Hausa tana da kalma mai wannan ɗaci, watau tsirewa, hukuncin da aka san ana yi wa manyan masu laifi a bainar jama'a a zamanin da. Mun fahimci dalilin da ya sa masu juyi suka kauce mata, gama aikin ba iri ɗaya ba ne. Amma kaucewar ta jawo hasara, domin gwargwadon tsadar abu, gwargwadon godiyar da ake yi a kansa.

Inda suka dace sarai shi ne fansa. Wannan kam ba sai an yi wa mutumin Haɗeja bayani ba. Ƙasar da ta ga yaƙe-yaƙen Sarki Buhari a tsakiyar ƙarni na 19 ta san abin da ake nufi da a kama mutum a kai shi wata ƙasa, danginsa su tara dukiya su fanso shi. An kuma san bambancin bawan da ya fanshi kansa da guminsa, da wanda wani ya fansa yana zaune ba ya da ko anini. Na farko ba ya bin kowa godiya. Na biyu kuwa, me zai rama da shi? Iyakacinsa ya san wanda ya fanshe shi, ya riƙa tunawa. Godiyar da Sabon Alkawari ke nema ke nan, Hausa kuwa ta riga ta tanadi kalmarta tun kafin masu mishan su zo.

Wurin gwada wannan magana shi ne kaka. Al'ada ce a majami'u a keɓe wata Lahadi ta godiya bayan girbi, kowa ya kawo damin dawa ko kwanon shinkafa ko kaza. A fadamar Haɗeja kuwa girbi ba shi da tabbas. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sāke, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wani wuri ya bushe, wani ya zama tafki. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a wajajen Auyo da Kafin Hausa da Guri. A irin wannan shekara, in godiya ramuwar alheri ce kaɗai, mai zuwa hannu wofi ba shi da abin faɗi. In kuwa a kan fansa ta tsaya, matsayinsa ɗaya da mai buhu goma. Ƙarshen littafin Habakuk, inda annabin ya lissafa gonaki da garkuna da suka lalace sa'an nan ya ce duk da haka zai yi murna, ya fi kowane nassi dacewa da wannan rana, Hausarsa kuma tana sauka daidai, domin ta yi kama da "sai godiya" ɗin nan da muka fara da ita.

Sai dai kama ce, ba ɗaya ba ne. "Sai godiya" ta manomi miƙa wuya ce ga hukuncin Allah, ba ta bukatar a faɗi dalili. Ta Kirista tana nuna wani abu guda da ya ce ya faru a wata rana, a wani wuri bayan garin Urushalima. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anonin biyu a kasuwa ɗaya, kuma juyin 1932 da wanda ya biyo bayansa duk sun bar wa mai wa'azi aikin rarrabe su.