Ƴanci ko kyauta: waiwaye a kan littafin Lessig da gwagwarmayar ɗaliban Amurka

A watan Maris na 2004 ne Lawrence Lessig, wanda a lokacin yake koyar da shari'a a jami'ar Stanford ta Amurka, ya wallafa littafinsa mai suna Free Culture, wato al'ada mai ƴanci. Kamfanin Penguin ya buga shi don sayarwa, marubucin kuma ya saka shi a intanet domin kowa ya ɗauka ba tare da biyan ko tamma ba, muddin ba ciniki zai yi da shi ba. Wata guda bayan haka, ɗaliban kwalejin Swarthmore da ke jihar Pensilbaniya suka ƙaddamar da ƙungiya mai wannan suna, Lessig da kansa ya je ya yi musu jawabi. Yau da aka haura shekaru 20, lokaci ya yi da za a auna littafin da ma'aunin da ya dace da shi, wato abin da ya sami ɗaliban da suka riƙe shi a matsayin tuta.

Kalmar Turanci da ke cikin sunan littafin tana da fuska biyu, tana nufin ƴanci, tana kuma nufin kyauta, har sai da marubucin ya tsaya ya fayyace cewa ƴanci yake nufi. Bahaushe ba ya buƙatar wannan bayani, domin harshensa ya riga ya raba kalmomin biyu. Hujjar Lessig ita ce, kowace al'ada da tsohon abu take gina sabo, kuma dokar haƙƙin mawallafi ta Amurka, wadda aka kafa don ƙarfafa wa masu fasaha gwiwa, ta kumbura har ta zama shingen da ke hana na baya taɓa abin da na gaba suka bari. A 1790 wa'adin haƙƙin shekaru 14 ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya. A 1998 majalisar dokoki ta mayar da shi tsawon rayuwar mawallafi da ƙarin shekaru 70, na kamfanoni kuma shekaru 95. Misalin da ya fi kama hankali shi ne na kamfanin Disney, wanda ya yi arziki da tatsuniyoyin Turai da ba su da mai su, sa'annan ya shiga sahun masu neman a tsawaita wa'adin domin kada nasa zane-zanen su koma hannun jama'a.

Ƙarfin littafin yana cikin labaran mutane. Akwai na Jesse Jordan, ɗalibi a wata babbar makarantar fasaha ta jihar New York, wanda ya gyara wata manhajar bincike domin ɗalibai su riƙa gano abin da ke cikin kwamfutocin makarantar. Da yake akwai waƙoƙi a cikin abin da manhajar ke nunowa, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta kai shi ƙara a watan Afrilu na 2003. Aka shaida masa cewa kare kansa a kotu zai ci aƙalla dalar Amurka dubu 250, sai ya miƙa dubu 12, iyakar abin da ya tara, aka rufe magana ba tare da wani alƙali ya ce ya yi laifi ba. Haka kuma babin da Lessig ya ba da labarin kayen da ya sha a kotun ƙoli a watan Janairu na 2003, inda alƙalai 7 suka goyi bayan dokar 1998, 2 suka ƙi, yana daga cikin mafi gaskiya a littafin. Ya ɗora laifin a kansa, ya amsa cewa ya tsaya koyar da alƙalai ƙa'idar tsarin mulki maimakon ya nuna musu ɓarnar da dokar ke yi. Ba kasafai lauya ke rubuta irin wannan game da kansa ba.

Ɗaliban Swarthmore kuwa ba daga littafin suka fara ba, da tasu shari'a suka zo. A 2003 dubban wasiƙun cikin gida na Diebold, kamfanin da ke ƙera na'urorin jefa ƙuri'a, suka fita waje, kuma a cikinsu ma'aikata suna tattauna matsalolin na'urorin. Ɗalibai suka saka wasiƙun a shafukansu. Kamfanin ya aika wa makarantar takardar gargaɗi cewa wasiƙun mallakarsa ne, makarantar kuma ta sa aka sauke su, domin wata dokar ta 1998 ta tanadi cewa mai masaukin shafi yana tsira daga ƙara in ya gaggauta cire abin da aka yi kuka a kansa. Ɗalibai biyu, Nelson Pavlosky da Luke Smith, suka kai kamfanin kotu da taimakon lauyoyin kare ƴancin intanet. A ƙarshen Satumba na 2004 alƙali Jeremy Fogel ya yanke cewa kamfanin ya yi amfani da dokar ta hanyar da bai dace ba alhali yana sane, kamfanin kuma ya biya dalar Amurka dubu 125.

Wannan shari'a ta tona abin da littafin bai ba shi cikakken nauyi ba. Wasiƙa guda ta isa ta rufe bakin ɗalibai a kan batun da ya shafi zaɓen ƙasa, saboda hanyar da maganarsu ke bi tana hannun wani, shi kuma tsoron ƙara yake yi. Gaskiya ne Lessig ya yi magana a kan tattaruwar kafofin watsa labarai a hannun ƴan ƙalilan, kuma yana da hujja, tun da bayan dokar sadarwa ta 1996 kamfani guda, Clear Channel, ya tashi daga gidajen rediyo wajen 40 zuwa fiye da 1200. Amma ya ɗauki intanet a matsayin fili marar shinge wanda tsofaffin kamfanonin faifai da na silima ke son killacewa. Bai hango cewa filin da kansa zai yi sababbin iyayen gida ba. A watan Fabrairu na 2004, wata guda kafin fitar littafin, wasu ɗalibai a jami'ar Harvard suka buɗe Facebook. A 2006 Google ya sayi YouTube a kan dalar Amurka miliyan 1650, a 2007 kuma ya fara aiki da na'urar da ke kwatanta duk bidiyon da aka saka da faifan masu haƙƙi, ta toshe shi ko ta karkatar da kuɗin talla zuwa gare su, ba lauya ba alƙali. An gudu gara, an faɗa gidan zago. Matasa sun sami damar kwafa da gauraya da watsawa fiye da yadda littafin ya yi mafarki, sai dai a cikin gidan wani, bisa sharuɗɗan da mai gida ke sauyawa duk ranar da ya ga dama.

Rauni na biyu ya shafi mai fasaha da tukunyar gidansa. Littafin ya yi tir da masu kwafar faifai don sayarwa, amma tunaninsa duka a kan ƙasar da doka ke da haƙora ya ginu. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ya san wani ciwon dabam: mawaƙin da aka yi ta kwafar kasetinsa a kasuwa, yau kuma waƙarsa ke yawo daga salula zuwa salula, sunansa ya cika gari, aljihunsa babu komi. Ga irin wannan mutum, tsawon wa'adin haƙƙi bayan mutuwarsa ƙaramar magana ce. Littafin bai tanadar masa amsa ba, kuma wanda ya ɗauko takensa ya kawo nan ba tare da tacewa ba, zai iya mayar da ƴancin da Lessig ke nufi ya koma kyautar da ya ce ba ita yake nufi ba.

Duk da haka, zalunci ne a ce gwagwarmayar ta tashi a banza. Majalisar Amurka ba ta sake tsawaita wa'adin ba. A ranar 1 ga Janairu na 2019 ayyukan 1923 suka koma hannun jama'a, a 2024 kuma fim ɗin Mickey Mouse na 1928 ya bi sahu. Lasisin Creative Commons, wanda Lessig na cikin waɗanda suka assasa shi, yana ba mawallafi damar faɗin abin da ya yafe da abin da ya riƙe, kuma a kansa Wikipedia ke tafiya tun 2009, har da sashenta na Hausa. Wannan kayan aiki ne da malamin makaranta ko ƙungiyar raya al'adu za su iya amfani da shi gobe, in sun tattara tatsuniyoyi ko sun shirya littafin koyon karatu da suke son ya yaɗu ba tare da an goge sunansu ba.

Saboda haka littafin ya cancanci a karanta shi, amma tare da labarin Swarthmore a gefensa. Lessig ya koyar da tsara guda yadda za ta tambayi wanda ya mallaki waƙa da littafi, da tsawon lokacin da zai riƙe su. Ɗalibansa sun gano da jikinsu cewa akwai tambaya ta biyu, wato wa ya mallaki hanyar da waƙar da littafin ke bi kafin su isa ga mutane, kuma wa ke da ikon rufe ta. Malamin da zai gabatar da wannan littafi ga ɗalibansa zai yi musu adalci in ya ɗora tambayoyin biyu a kan allo, ya ƙara da ta mawaƙin kasuwa, wadda har yau take jiran mai amsa ta.