Ba kowace baƙar roba ke jure mai ba

A Kafur, in injin ban ruwa ya fara yoyon mai, sai ka ji bakanike ya ce "roba ai roba ce", ya yanko robar cikin taya ya toshe. Da wannan maganar nake ja. Robar cikin taya butil ce, iska aka yi ta ta riƙe. Ta haɗu da fetur ko baƙin mai mai zafi, sai ta kumbura ta yi laushi, yoyo ya dawo, injin ya buga ana tsakiyar noman rani.

Wadda ta dace ita ce naitiril, da aka ƙirƙiro a Jamus a shekarun 1930 da sunan Buna-N. Haɗin butadayin ne da akirilonaitiril, kuma gwargwadon yawan na biyun, gwargwadon yadda take ƙin shan mai. Tana jure zafi har wajen digiri 100, shi ya sa ake yin oyil-sil da tiyon fetur da ita.

Amma laifin ba na bakanike kaɗai ba ne. Kayan gyara da yawa ba a rubuta irin robarsu a kwali, a ido kuma duk baƙaƙe ne. Ita ma naitiril ɗin rana na tsattsaga ta, amma je shago ka gan ta rataye a bakin ƙofa.