Kwarjini da Raunin Haruffan Didot

Idan muka dubi haruffan ɗab'i da Firmin Didot ya sassaƙa a Paris wajen 1784, da na Bodoni a Italiya, za mu ga sirrinsu ɗaya ne, wato ginshiƙi mai kauri da layuka sirara kamar gashi. Wannan shi ya bai wa sunan mujallar Vogue kwarjini a bangonta. To amma a ra'ayinmu, kwarjinin na babban take ne kurum. Da zarar an ƙanƙance su, siraran layukan sukan ɓace, ido ya gaji tun kafin ƙarshen shafi. Hoefler ya lura da haka, don da ya sabunta Didot saboda Harper's Bazaar a 1991, kowane girma zanensa daban ya yi masa.