Scorpions a Paris: Me Muke Nema Wurin Tsofaffin Makaɗa?

Duk lokacin da aka ce wata tsohuwar ƙungiyar kiɗan rock za ta hau dandamali, sai ka ji masu cewa ai waɗannan sun gama yayi, gara mutum ya zauna gida ya kunna faifansu. Ni ban yarda da wannan magana ba. Na ga Scorpions da idona a zauren Bercy na birnin Paris a shekarar 2022, lokacin rangadin faifansu Rock Believer, kuma abin da na fahimta shi ne ana yi wa tsohon makaɗi rashin adalci idan aka auna shi da ma'aunin ƙuruciyarsa.

Ga wanda bai san su ba, Scorpions Jamusawa ne daga birnin Hannover. Rudolf Schenker, mai jita, shi ya kafa ƙungiyar a 1965. Klaus Meine, mawaƙinsu, ya shigo bayan 'yan shekaru, Matthias Jabs kuma a 1978. Da yawa daga cikinmu da muka tashi a Yamai ko Damagaram a zamanin kaset, ta waƙar Still Loving You ta 1984 muka san su, domin ta yi tashe a Faransa, abin da ya yi tashe can kuwa ba ya daɗewa bai iso mu ba. Wasu har yau ɗauka suke mawaƙan soyayya ne. Sai wanda ya ji faifan Blackout na 1982 ya san cewa kiɗansu na asali tsawa ne da gudu.

Abin da kowa ke zuwa da fargabarsa shi ne muryar Klaus. A daren nan shi da Rudolf duk sun haura shekara 70. Kada a manta kuma wannan murya ta taɓa mutuwa ta dawo: ana cikin aikin Blackout ta ɗauke masa, har aka yi masa tiyata a maƙogwaro. Ya ce wa abokansa su nemi wani mawaƙi, Rudolf ya ƙi, suka jira shi. To, yau muryar ba ta hawa can ƙololuwa da sauƙin da take yi a da, wannan gaskiya ne. Amma zaƙin nan nata mai ɗan fita ta hanci, wanda ko cikin barci ka ji shi za ka gane, yana nan bai gushe ba. Kuma mutumin ya san inda zai kashe ƙarfinsa da inda zai miƙa wa jama'a abin magana su ƙarasa masa.

A nan ne na ga gwanintar da faifai ba ya nunawa. Duba yadda suka tsara wasan. Bayan waƙoƙi masu zafi sai a sako Coast to Coast ta faifan Lovedrive na 1979, wadda kiɗa ne zalla babu baiti. Can gaba kuma a bar wa mai ganga, Mikkey Dee, fili shi kaɗai. Mai gaggawa zai ce cike gurbi ne. Ni kuwa tsohon ɗan kokowa na tuna, wanda ya san ƙarfi ya ragu, sai ya koma ga dabara, ya kuma yi kaye. Da wannan hutu ne suke iya kai wa Blackout da Big City Nights a ƙarshen dare da sauran numfashi.

Inda zauren ya fi yin tsit shi ne wurin Wind of Change. Klaus ya rubuta ta bayan bikin kiɗan da suka halarta a Mosko a watan Agusta na 1989, ta fito cikin faifan Crazy World a 1990, ta zama waƙar murnar ƙarewar yaƙin cacar baka. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu na 2022, sai ya sauya baitocin farko, ya cire ambaton Mosko ya sa Yukiren. Akwai masoyan da suka ji haushi, suna ganin an taɓa musu kayan tarihi. Ni a ganina da ya rera ta yadda take, kamar ba abin da ya faru, da ƙarya ya yi mana. Waƙar da mai ita yake da rai tana da ikon ta canza tare da duniya.

Ba yabo kaɗai nake da shi ba. Jerin waƙoƙin ya jingina ƙwarai ga shekarun 1979 zuwa 1990. Zamanin Uli Jon Roth, mai jitar da ya bar su a 1978, kusan an share shi, alhali can ne kiɗansu ya fi duhu da zurfi. Amma laifin wa? Sun buɗe da sabuwar waƙa, Gas in the Tank, sun kawo Peacemaker, jama'a na ta gyaɗa kai cikin ladabi. Ana fara fiton Wind of Change sai wayoyi suka tashi sama kamar taurari. Mu masoya mu ke ɗaure su da igiyar jiya, sannan mu dawo muna cewa ba su da sabon abu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wasu na yi musu gorin cewa sun yi ban kwana tun 2010 amma suka fasa. Ni godiya nake da suka fasa. Mikkey Dee da ke kaɗa musu ganga tun 2016 ɗan Motörhead ne, kuma ya samu sukunin zuwa ne saboda Lemmy ya rasu a watan Disamba na 2015, ƙungiyar ta watse. Wanda ya ce bari sai baɗi ya ga Motörhead, har abada bai gan su ba. Don haka, ɗan'uwa, in ƙungiyar da ka so tun kana yaro ta zo kusa da kai, je ka. Ka bar kaset ɗin da ke cikin kanka a gida, ka saurari mutanen da ke gabanka da shekarunsu.