Mai Fulashin a Sabon Gari, Mai Karatun Kanel a Samaru

Duk wayar Android da ke aljihun ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya, Tecno ce ko Infinix, kanel ɗin Linux ne ke riƙe da ita. Shi ne zuciyar manhaja, shi ke raba wa kowane aiki lokaci da ma'adana, ya kuma yi magana da allo da kyamara. Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kuma lasisin GPL ya ba kowa damar karanta shi, ya gyara, ya harhaɗa nasa.

Amma kanel ba ya farkawa da kansa. A wayoyi masu guntun MediaTek, da an danna makunni, wani ɗan umarni da aka dasa a cikin guntun tun daga masana'anta ne ke fara motsi. Shi zai tada firiloda, firiloda ya shirya ma'adana ya miƙa wa butuloda, sannan butuloda ya ɗora kanel. Haka abin yake a kwamfuta, sunaye ne suka bambanta: UEFI, sai GRUB, sai kanel.

Masu gyaran waya sun san wannan jeri a aikace. Idan aka kawo wayar da ta maƙale a logo, mai fulashin ya san matakan farko lafiya lau suke, matsalar tana gaba. Zai buɗe SP Flash Tool, ya nemo fayil ɗin da ke nuna inda kowane sashe yake zaune, ya zuba. Gwani ba ya taɓa firiloda sai dole, don in ya zuba wanda ba na wayar ba, ta mutu murus, ko caji ba za ta nuna ba. Wannan ilimi ne na gaske, kuma an saye shi da tsada, da wayoyin mutane. Iyakarsa ita ce, abin da wani ya dafa ake zubawa. Ba a san abin da ke cikin tukunyar ba.

A Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai zayyana maka yadda kanel ke tsara ayyuka. A ganina karatun bai zauna ba sai ya sauko da tushen Linux, layuka sama da miliyan 30, ya zaɓi direbobin da na'urarsa ke buƙata, ya harhaɗa. A kwamfuta 'yar gwanjo aikin kan ci sa'o'i, ga ɗauke wuta. In ya manta direban faifai, kanel ya tashi ya rasa inda zai samo sauran manhaja ya tsaya cak, a nan ne zai gane jerin da mai fulashin ya daɗe da sani.

Haɗa ilimin biyu a kan waya ya fi wuya. Kamfanoni da yawa na jan ƙafa wajen sakin tushen kanel ɗinsu, duk da GPL ta wajabta. Sababbin wayoyi kuma, kowane mataki sai ya tantance sa hannun kamfani a kan na gaba kafin ya ba shi hanya. Tsarin yana tare miyagun manhajoji, gaskiya ne, amma kanel ɗin da ɗalibi ya harhaɗa ma ba zai tashi ba muddin kamfani bai yarda a buɗe butuloda ba.